Rasuwar Tulun Ƙirya a Rumfar Kawu Ilu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Mu'azu ɗan Lado Masassaƙi na Ɗanzomo, mazaunin Gumel ba da son raina ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tuluna na ƙirya, wanda ya cika jiya Alhamis da la'asar, yana maƙale a hannuna na dama.

Marigayin ɗan asalin Ɗanzomo ne. Guntun kututture ne da ya rage daga wani turmi da mahaifina ya sassaƙa. Tare muka baro gida a shekarar farin nan ta saba'in da uku, da gero ya ƙone a gona, masu sayen turmi suka ɗauke ƙafa. Baba ya haɗa ni da ƙanen mahaifiyata, Kawu Ilu, wanda ya sayo injin juya itace daga Kano, ya ce in koyi sana'ar zamani. A gaban mutane ya rantse ba zan taka gidansa ba sai Kawu ya sallame ni. Kawu kuma ya ce sallama ɗaya ce: in rarake tulun itace mai ƙaramin wuya, cikinsa sumul, ba tsaga ba huji. Na bar matata Lauratu da ciki, na ce mata kafin kaka na dawo.

Marigayin ya riga ya rasa 'yan uwa da dama. Na farko ya tsinke daga inji ya huda kwanon rumfa. Wani na zurfafa masa ƙarfe har gindinsa ya fita, yanzu Ya'u mai injin niƙa na zuba gas da shi. Sauran sun tsage tun suna ƙanana. Shi ya sa na ɓoye wannan kututture ƙarƙashin tabarmata, ban ɗora shi a inji ba sai da na ji hannuna ya faɗa.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da haƙuri. Injinmu ba shi da ransa, da bel yake jan ƙarfi daga injin niƙan Ya'u da ke bayan katanga, saboda haka sai mata sun kawo niƙa marigayin ke juyawa. Ran da babu hatsi a gari, haka za mu zauna ni da shi muna kallon juna. Bai taɓa ƙorafi ba. Idan na zura lanƙwasasshen ƙarfe a cikinsa ina aiki a inda ido ba ya gani, yakan yi min magana a hankali, shuuu, shuuu. In na matsa masa ya ce garrr, in ja baya. Da farko in na ƙwanƙwasa shi sai ya amsa dum, kamar mai jin barci. A makon nan ya fara cewa ƙwal, ƙwal, muryar da ta sa na soma tunanin kuɗin mota.

Ciwon ajali ya same shi da hantsi. Kawu ya tafi kasuwar Maigatari, ya tafi da 'yar wayar ƙarfen da muke auna kaurin cikin tulu da ita a aljihunsa. Ni kuwa na ji kamar akwai ɗan tudu a kafaɗar tulun ta ciki, raina ya ƙi kwanciya. Na sa Ya'u ya kashe inji, na shafa man gyaɗa, na tattara yatsu na tura. Hannu ya shige. Na taɓa ko'ina, babu tudu, sumul yake kamar cikin ƙwai. Na yi hamdala, na ja hannu, hannu ya ce bai san zance ba.

Tulun yana ɗaure a jikin inji da kusoshi, ni ina ɗaure a jikin tulu. Can na ji Ya'u yana shirin tayar da inji.

"Ya'u! Don girman Allah cire bel ɗin nan!"

Ya leƙo ta katanga, ya dube ni, ya ce, "Kai kuma me ka ajiye a ciki?"

Kafin azahar rumfa ta cika da masu niƙa. Goggo A'i mai ƙosai ta kawo ruwan karkashi ta tsiyaya, wata ta kawo sabulu, wani dattijo ya ce in ɗaga kai in yi ta salati. Duk jan da aka yi sai wuyan hannu ya ƙara kumbura. Yatsuna suka yi sanyi, daga baya na daina jin su. Ya'u ya ɗauko gatari, na rungume tulun da hannun hagu na ce sai dai a fara da ni.

Haka Kawu ya dawo ya same mu. Ya tsuguna, ya latsa damtsena, ya ga inda ya yi baƙi.

Na ce, "Kawu, a bar shi zuwa gobe. Kumburin zai saɓe. Wallahi tulun ya gamu, ciki sumul."

Ya ce, "Ɗan nan, ƙirya tana tsiro a daji. Ka taɓa ganin inda hannu ya tsiro?"

Ya ɗora kurfin sassaƙa a kafaɗar marigayin, ya ɗaga guduma, ya ce in kau da kai. Ban kau ba. Bugu na farko ya jure. A na biyu ya ce ƙas, ya rabu gida biyu, hannuna ya faɗo kamar na wani.

Kawu ya ɗauki ɓari ɗaya ya daɗe yana shafa cikinsa da babban yatsa. Ya ce, "Da ya rayu, da gobe kana gida." Na ce ai ya gani da idonsa. Ya ce shi ya gani, amma rantsuwar Yaya Lado da tulu aka yi ta, ba da ɓari ba. Ya shiga ciki ya mirgino wani kututture, ya jingina shi kusa da tabarmata.

Marigayin ya rasu ya bar murfinsa, wanda aka gama tun kafin shi, yanzu ba shi da wanda zai rufe. Ya bar ni. Ya bar Lauratu, da 'yarmu Kyauta, wadda aka raɗa wa suna ba na nan, aka ce har ta fara tafiya.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da safe. Liman ya ce babu salla a kan itace, don haka za a ɗauki gawar daga rumfar Kawu kai tsaye zuwa murhun Goggo A'i, wadda ta ce ƙirya tana da garwashi mai kyau, kuma duk wanda ya raka zai samu ƙosai. Ba za a yi zaman makoki ba, Kawu ya ce da hannu ya saɓe za a mayar da bel. Masu ta'aziyya su yi haƙuri, da hagu zan gaisa. Ba sai an tambayi inda za a same ni ba, ina nan bayan injin Ya'u. In kuma akwai mai zuwa daga Ɗanzomo, ina roƙonsa ya biya ta gidanmu ya kalli yarinyar nan da kyau, ya zo ya faɗa min da wa take kama.