Yadda Za Ka Naɗa Wa Mahaifinka Rawani Bayan Ya Rasu

A falon wani mataimakin darakta a Gwarinpa akwai hoto baƙi-da-fari, girmansa ya kai taga. Wani dattijo ne da rawani, ya ɗaga haɓa kamar yanzu ya gama yanke hukunci. In ka matsa kusa, ka sauke ido daga rawanin, za ka ga yatsu uku a kafaɗarsa ta hagu. Babu hannu, babu mai hannun. Yatsu kawai, na tsakiyan ya ɗan karkace.

Bar yatsun tukuna. Maganar rawani za mu yi.

Abuja gari ne da kowa zuwa ya yi, in ka cire Gbagyi masu ƙasar, su kuma ba mai tambayar su komai. Tunda ba wanda ya san kakan wani, kowa na iya zaɓen wanda ya yi masa. In surukai na tafe, kana fargabar tambayar nan ta "ɗan gidan waye?", kwantar da hankalinka. Bi matakan nan yadda suke. Mun yi maka alkawari, kafin baƙi su shanye lemon farko za su fara ce maka "ranka ya daɗe". Mai falon nan, Alhaji Maharazu, ya bi su lokacin da manyan gidan su Nazeer za su zo neman auren 'yarsa Kauthar, kuma ya yi nasara. Da shi za mu riƙa misali.

Mataki na 1: Nemo dodon hoto

Ba hoton kake buƙata ba, dodonsa: ɗan siririn fim ɗin nan da mai hoto kan ba mutum a da, wanda in ka ɗaga shi a rana za ka ga fuska fari fat, haƙora baƙi ƙirin. Hoto ya riga ya faɗi abin da zai faɗa. Dodo kuwa ana iya zama a daidaita da shi.

Yana wurin tsohuwa. Kullum a wurin tsohuwa yake. Maharazu ya tuƙa har Uke, inda mahaifiyarsa Inna Rakiya take zaune, ya gaishe ta, ya tambayi ciwon ƙafarta, sannan ya kawo zancen kamar yanzu ya faɗo masa. Ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ta warware tsumma. Ba ta faɗin sunansa, don shi ne ɗan fari.

"Riƙe shi ta gefe, ɗan nan. Shi kaɗai ya rage mana. Wanda aka wanke, ruwa ya cinye shi shekarar da rufi ya yi yoyo."

"Inna, babba zan sa a yi. A rataye a bango."

"A bango? Da ni a ciki?" Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. "Kai, abin kunya. Mai hoton ne fa ya ce in dafa shi. Na ce a gaban jama'a? Ya ce haka ake yi a birni."

Kada ka yi ƙarya a wannan mataki, ba a yi wa uwa ƙarya. Ka ce "a bango", ka yi shiru.

Mataki na 2: Nemo mai sikanin da bai cika tambaya ba

Na Maharazu sunansa Dominic, shagonsa na saman bene a wata filaza a Wuse. Zai sa farar safar hannu, ya hure ƙura da 'yar roba, ya kwantar da dodon a kan gilashi, ya rufe. Haske zai bi ta ƙarƙashi a hankali. Sai ya danna maɓalli guda, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari.

Yi hattara, nan ne wuri mafi hatsari a aikin gaba ɗaya. Fuskar mahaifinka za ta fito a kwamfuta tar, har da gumin goshi.

Ga abin da Maharazu ya gani. Malam Sale, leburan gini a lokacin da Abuja take jan ƙasa da tarin bulo, sanye da babbar rigar da mai hoto yake ara wa duk leburan da ya zo ɗauka. Ga kwanon ɗaukar kankare a gefen ƙafarsa. Ga Rakiya, yarinya ɗanya, ta dafa kafaɗarsa tana kallon ƙasa, ɗaya hannun kuma riƙe da ludayi, don daga bakin tukunyar abincin da take sayar wa leburori aka kira ta.

"Oga, wannan Baba naka ne? Hancinku ɗaya wallahi," in ji Dominic. "Mama ɗin ma yana da kyau fa."

In kallon ya fara yi maka nauyi, ciro waya ka yi kamar ana kiran ka daga ofis. Yana wucewa.

Mataki na 3: Rage cunkoso

Babban mutum ba ya son a cika masa hoto da tarkace. A yanke kwano. A yanke bulo. A sa bango mai duhu, irin wanda ba ya nuna ko ina ne.

"Mama ma a cire shi?"

"Hoton maza ne."

Ka tuna, ba uwarka ka cire ba, ludayi ka cire. Ba laifinka ba ne da take riƙe da shi.

Dominic ya yi ta shafa linzamin kwamfuta, Rakiya tana ɓacewa daga ɗankwali zuwa ƙasa, har ya zo kafaɗa ya tsaya.

"Oga, yatsa uku ya hau kan aikin riga. In na goge, rigar zai zama kamar ɓera ya ci."

"Bar su. Wa ke kallon kafaɗa?"

Tambaya ce mai kyau. Riƙe ta, za mu dawo kanta.

Mataki na 4: Goge ƙarce

Duk tsohon fim yana da ƙarce, siraran layuka da yashi da shekaru suka bari. Kwamfuta tana da abin da ke bin su tana shafewa. Kyawunta shi ne ba ta bambance layin da yashi ya ja da wanda wanzami ya ja.

A kumatun Malam Sale akwai bille, kuma duk dattijon da ya san ƙasa, kallo ɗaya zai yi masa ya faɗi ƙauyen da aka yi shi. Ba ka son dattijo ya faɗi ƙauye.

"Oga, wannan layin a kumatu, na fim ne ko na Baba?"

Amsar ita ce: "Na fim ne."

Faɗe ta da sauri. In ka tsaya tunani, za ka iya tuna wani yaro da yake bin layin nan da ɗan yatsa idan mahaifinsa ya dawo daga aiki barci ya kwashe shi a kan tabarma. Wannan tunani ba ya cikin matakanmu. Maharazu ya amsa kafin Dominic ya rufe baki, shi ya sa yake mataimakin darakta.

Mataki na 5: Zaɓi rawani, amma banda haɗama

Kowane ƙwararren mai sikanin yana da rawuna a ajiye, waɗanda ya tsinta daga hotunan da ake kawo masa. Akwai na hakimi, akwai na attajiri, akwai na alƙali.

Kada ka taɓa mai kunne biyu. Na gidan sarauta ne, kuma za a samu wani marar aikin yi da ya haddace sarakunan garin har na goma sha wani abu. Ɗauki na alƙali. Ba mai tuna sunan tsohon alƙali, kuma ba mai son tono, don bai san kakan wa aka ɗaure ba.

"Wannan yana tafiya sosai, oga," Dominic ya ce yana daidaita shi a kan Malam Sale. "Mutanen ministiri suna son shi."

Garin da ya yi alƙalancin kuwa, ka ce "can arewa, wajen iyaka", ka kaɗa hannu sama.

Mataki na 6: Kada ka yarda a sa kala

Dominic zai ce kwamfuta tana iya mayar da shi mai kala. Ƙi. Kala tana tona asiri, ita ke nuna tsatsa da koɗewar riga. Baƙi-da-fari kuwa yana ƙara wa kowa shekara hamsin da mutunci. Akuya ma in ka ɗauke ta a haka, sai ka rantse ta ga zuwan Turawa.

Tunda an cire ƙurar gaske, yanzu sai a yayyafa ta ƙarya, 'yan ɗige-ɗige masu kyau, don kada hoton ya yi kama da na jiya. A buga shi a takarda mai kauri marar sheƙi. A sa firam mai nauyi. Ka rataye shi daidai inda idon babban baƙo zai sauka da zarar ya zauna.

Dodon kuwa mayar da shi cikin gwangwaninsa. Maharazu ya ɗora nasa a saman firji a kicin, da niyyar kai wa Inna idan ayyuka sun yi sauƙi. Ayyuka a Abuja ba sa sauƙi, kowa ya sani.

Mataki na 7: San inda tsohuwa take ranar baƙi

Ya kamata a ce tana Uke. Maharazu bai gaya mata ranar ba, kuma a nan ya yi daidai. Kuskurensa shi ne bai gaya wa Kauthar kada ta gaya mata ba. Da sassafe sai ga mota ta sauke Inna Rakiya da atamfarta ta salla da ƙullin daddawa.

"Abba, ai ba za a yi maganar aurena ƙawata ba ta nan ba," in ji Kauthar tana rungume da kakarta.

Kada ka nuna damuwa. Ka ce falo na maza ne, ka bi da ita ta ƙofar baya zuwa kicin. Inna Rakiya ba ta ga aibu ba. Ta ɗanɗana miyar, ta ce yaran zamani tsoron gishiri suke, ta karɓi ludayi. Sau biyu tana tambayar Kauthar a kunne ko an rataye hoton, kuma ta fito da kyau kuwa?

A al'ada uba ba ya zama wurin neman auren 'yarsa. Kai ka zauna. In ka fita, wa zai yi wa hoton bayani?

Mataki na 8: In baƙo ya gane rawanin

Baffan Nazeer, tsohon babban sakatare mai gida a Maitama, shi ya jagoranci baƙi. Bai ko taɓa lemo ba ya miƙe, ya sa tabarau, ya tsaya gaban hoton. Ya daɗe. Ya kalli naɗin, ya kalli 'yar lanƙwasar da ta sauko kan kunnen hagu.

Kada ka firgita. Dominic bai taɓa cewa rawanin naka ne kai kaɗai ba. Wannan rawanin, da lanƙwasarsa, yana rataye a Maitama a kan kakan Baffa.

Baffa ya juyo, suka haɗa ido. Kowa ya gane kowa.

"Ikon Allah," in ji Baffa a hankali. "Ranka ya daɗe, wannan naɗin ai irin na gidanmu ne. Ashe tuwona maina za a yi."

Falo ya ɗauki "Masha Allah". Ka ga dai mun cika alkawari.

Mataki na 9: Wa ke kallon kafaɗa?

Wanda ya san inda ake ɗinki, shi ke kallon kafaɗa.

"Amma Alhaji," Baffa ya nuna da sandar tabarau yana murmushi, "waɗannan yatsun fa? Na waye?"

Ka tanadi amsa tun a gida. Maharazu bai tanada ba. Ya ɗaga kai yana nema, sai ya hango Inna Rakiya tsaye a bakin ƙofar da ta haɗa falo da ɗakin cin abinci. Ta ɗauko kular miya ne don ta samu dalilin leƙowa. Tana kallon bango. Ta kalli rawanin, ta kalli kumatun da babu komai a kansa, sannan idonta ya koma gefen kafaɗarsa ta hagu, inda ya kamata a ga yarinya mai kallon ƙasa.

Duk falon yana jiran amsa. Auren Kauthar yana jira, rawanin ma yana jira.

"Wata mai aikin gidan ce," Maharazu ya ce, idonsa a kan kafet. "Tana gyara masa riga aka ɗauka."

"Allah sarki, mutanen da," in ji Baffa. "Gida cike da barori. Haka namu yake."

Aka ba da aure, aka sa rana, aka ɗaga hannu domin fatiha.

Gargaɗi

Abin da muka yi alkawari surukai ne, kuma ga su. Duk abin da ya biyo baya, ba da yawunmu ba. Kada a neme mu in ka daina iya zama a kujerar da ke fuskantar hoton. Kada a neme mu in jikanka ya tashi yana neman gadon alƙalanci. Kwamfutar Dominic ma kada a je mata, ya riga ya share na asalin don ya samu wurin ajiye na wasu.

Haka kuma babu ruwanmu da abin da mai gadi ya gani. Ya ce ana cikin fatiha wata tsohuwa ta fito ta ƙofar baya, takalmanta a hannu don kada ƙararsu ta katse addu'a. Kular miyar ta bar ta a kan tebur, a rufe da kyau. A ɗaya hannun tana riƙe da gwangwanin madara, ta danne murfinsa da yatsu uku, na tsakiyan a karkace. Ya tambaye ta ko ya kira direba. Ta girgiza kai, ta sa takalmanta a bakin get, ta gangara wajen titi inda motocin Nyanya, hanyar komawa Uke, suke tsayawa.