Rubutun da mashin ya yi a gadon amarya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da mashin ɗina ya yi rubutun da ban sa shi ba, da rana tsaka, gaban idon uwar amarya.

Ni kafinta ne a Tawa, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ya hi zartona kaihi. Da na sayo mashin ɗin sassaƙa, irin wanga da odinatar, wato kwamfuta, ke tuƙawa, sai da na zagaye unguwa ina cewa ko hoton kakanka ka kawo zan hitar maka da shi a katako har da tsagen huska. Abin da ban gaya wa kowa ba, mashin ɗin ba ya motsi sai da lojisiyel, wato abin da ake zane da shi cikin odinatar, shi kuma ya gaya wa mashin inda zai yanka.

Na bincika. Akwai mai tsada, kuɗinshi sai ya saya maka raƙumi da sirdinshi. Akwai na kyauta, amma sai ka zauna ka koya kamar ɗan lakwal (ni da zama wuri ɗaya kuwa ba mu taɓa shiri ba). Ina cikin wanga tunani sai ga taubashina Sanusi, mai kawo kayan hannu daga Kwatano, da wata tsohuwar odinatar a hammata.

"Bawana, huta," in ji shi. "Mai ita kafinta ne. Komi na ciki, har zane-zanen da ya bari. Ka latsa kawai."

Arha ga ta, wahala babu. Na karɓe ko buɗewa ban yi ba.

Aikin hwarko na Hajiya Rabi ne, daga Afala. Ɗiyarta za ta yi aure, tana son allon kan gado mai hurannin da ba a taɓa gani ba. Katakon ma ita ta kawo abinta, ja, mai nauyi, guda ɗaya tak, tun shekarun baya take ɓoyonshi don wannan rana. Na duba zanen mutumin Kwatano, na iske wani mai huranni zagaye da hili a tsakiya. Kyau kamar mi. Akwai wurin da ake latsawa a ga duk abin da mashin zai yanka kahin ya taɓa katako. Na latsa, na ga yana jan lokaci, na kashe (ina ruwan gwani da gwaji).

Don neman suna har cewa na yi Hajiya ta zo ta gani da idonta. Ta zo bayan azahar da mijinta Mushe Idi, tsohon malamin lakwal (Mushe muke ce wa malaman boko). Lokacin zahi ne, irin wanda ko kabu-kabu ba ka ji a hanya. Gari tsit. Na ɗaure katako, na yi bisimilla da ƙarhi don a ji, na latsa.

Mashin ya kama kuka, huranni na hitowa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya na ta "Tubarkalla, ɗana." Ni kuwa na harɗe hannu ina kallon rufi kamar wanda ya saba. Da ya gama zagaye sai ya ɗaga kai, ya yi shiru. Garin katako na sauka a hankali cikin hasken taga. Na buɗe baki zan ce an gama.

Sai ya motsa.

Ba wanda ke kusa da odinatar. Hannuna na ƙirjina. Kan mashin ya taho sannu sannu, kamar mai neman wani abu a ƙasa, ya zo tsakiyar allon ya tsaya. Ya sunkuya. Kukan ma ya canza, ya koma siriri, irin wanda kake ji a haƙori.

"Ɗana, wa ya aike shi?" in ji Hajiya.

"Ƙarin ado ne, Hajiya," na ce, alhali ni ma ban sani ba.

Ba ado ba ne. Baƙaƙe ne, manya, a tsare, irin rubutun da ba gaggawa cikinshi. Mushe Idi ya gyara tabarau ya matso yana bin su da leɓe. Na ga huskarshi ta sauka. Ni ma ɗan lakwal ɗin da na yi ya ishe ni in karanta: ICI REPOSE.

"Malam, mi ya rubuta?"

Mushe ya cire tabarau yana gogewa. Ta sake tambaya. Ya ce a hankali, "Abin da ake sawa kan kabari ne. Wai ga inda wane yake kwance."

Daidai nan mashin ya ɗaga kai, ya sauko layi na ƙasa, inda suna ke zama, ya tsaya yana juyawa a iska. Wallahi ji na yi kamar yana duban mu ukun yana zaɓe.

Ina so in ce na yi ta maza na kashe kuran, wato wutar lantarki. Ƙarya ne. Ni na riga kowa ƙofa, takalmi ɗaya a ƙahwa, ina salati har masu shayin tsallaken hanya sunka miƙe. Hajiya, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ita ta tsaya ta cizge waya daga bango. Ta hito tana kakkaɓe mayahi, ta iske ni bayan wata amalanke.

"Kai ne za ka hitar da kakanmu a katako?" ta ce. "To mun gode, bar su inda suke."

Da yamma na buɗe odinatar da kyau, abin da ya kamata in yi tun ranar hwarko. Hotunan akwatunan gawa ne cike, da allunan kabari. Zanen da na zaɓa, an ɓoye rubutun ne kawai daga ido, ba a cire shi daga aikin yanka ba. Na kira Sanusi ina zagi.

"Na ce maka kafinta ne," in ji shi yana dariya. "Ka tambaye ni na mi?"

"To don mi ya sayar?"

"Shi? Ai ba shi ya sayar ba. Magada ne."

Hajiya ta ce ko na goge rubutun, ɗiyarta ba za ta aza kai a nan ba, kuma ban ga laihinta ba. Sai da na nemo wani katako na sassaƙa mata da hannu, kamar yadda babana ya koya mini. Har yau masu shayin nan in sun hango ni sai su kira ni da rubutun nan, su ce, "Isi Rapoz, ina ɗayan takalmin?"

Yanzu lojisiyel ɗin nan na kyauta nike aiki da shi. Na zauna na koya, kuma ba na barin mashin ya taɓa itace sai na kalli gwajin har ƙarshe, ko da zai kai la'asar. Allon Hajiya kuwa yana nan a shago, na juya huskarshi bango. Wurin sunan ba kowa har yanzu, ni kuma ko gyangyaɗi ba na yi kusa da shi.