Famfonmu Ya Rasu, Ofis Bai Yarda Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuya mai ciwon ɗaukar jarka, Gwaggo Mai Makulli, a madadin ɗaukacin matan ƙauyen, tana sanar da rasuwar famfon tuƙa-tuƙa na bayan makarantar firamare, wanda rai ya yi wa halinsa bayan doguwar jinya. Wannan ne karo na biyu da ake sanar da rasuwar, domin a karon farko ofishin ruwa bai yarda ba.

Marigayin ya zo duniya a hannun ɗan kwangila, a shekarar da gwamnatin jiha ta tuna cewa mutanen karkara ma suna jin ƙishirwa. An tarbe shi da rumfa da lasifika. Manyan baƙi suka yi layi, kowa ya danna mariƙinsa don mai hoto, sannan suka koma motocinsu suka sha ruwan gora. Da taro ya watse aka damƙa wa Gwaggo makullin sarƙarsa, saboda gidanta ne mafi kusa, kuma ba a taɓa jin ta ɓatar da ko allura ba. Tun ranar makullin yake ɗaure a haɓar zanenta.

Shaidar jama'a a kansa mai kyau ce. Bai taɓa tambayar mai bokiti wa ya zaɓa ba. Ya ji asirin gidaje da dama a bakin masu jiran layi, bai fitar da ko ɗaya ba. Yara sun yi lilo da hannunsa, ya haƙura. Da safe muryarsa ce ke tashin unguwa, "ƙiii-ƙaƙ, ƙiii-ƙaƙ," sai ya yi gyaran murya, "gurrr," sannan ruwa ya ɓalle. Aibinsa ɗaya, ruwansa na da ɗanɗanon ƙarfe, yana kuma mai da farar riga ja-ja, amma iyali sun yafe masa tun yana da rai.

Ciwon ajali ya fara ne daga robar cikinsa. Bakaniken babur ya yi ta yanko tsohuwar taya yana yi masa dashe, ya ɗan farfaɗo, ya sake kwantawa, har bututunsa ya tsage can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Gwaggo ta yi shiri ta tafi ofishin ruwa. Aka yi mata bayani cikin ladabi cewa kuɗin haƙa sabo akwai, na gyara ne babu. Famfon da ya mutu murus ake maye wa gurbi, don haka ta koma gida, jami'i zai zo ya ga gawa da idonsa.

A nan ne ƙauna ta yi ɓarna. Ana gobe jami'i zai zo, Gwaggo ta tsaya ta dubi marigayin, ga tsatsa, ga kashin kaji a dandamalinsa, sai kunya ta rufe ta. Ta ce, "Haba! Baƙo ya taso daga birni ya same shi haka, kamar wanda ba shi da kowa?" Nan da nan mata suka fito da tsintsiya. Aka karɓo ragowar fentin ƙofar makaranta, tela ya ba da man kekensa aka ɗiga a gaɓoɓi. Aka ɗebo ruwa daga kududdufi aka wanke dandamali tas, abin da ya rage kuma aka ɗura masa a maƙogwaro, kamar yadda aka saba yi masa duk ranar da ya tashi da nauyin jiki.

Jami'i ya iso, ya danna mariƙi. Marigayin, wanda ko a raye bai iya ba mutanensa kunya ba, ya ce "gurrr," ya amayar da ruwan jiya a kan takalmin baƙo.

"Mama, ai wannan garau yake," in ji jami'i. "Da kowane ƙauye zai riƙe kayan gwamnati haka, da mun huta."

Gwaggo, wadda wani ma'aikacin gwamnati bai taɓa yabo ba tun da aka haife ta, ta ji daɗi har cikin ranta. Ta ce, "Mun gode, ɗana, Allah ya yi albarka." Sai da motar ta sha kwana ta gane abin da ta yi godiya a kai. Kuɗin waccan shekarar ya tafi ƙauyen maƙwabta, waɗanda suka mai da nasu famfon turken awaki, ba su ko share wurin ba. Gwaggo ba ta ɓoye ba, abin yana ci mata rai har gobe.

Marigayin ya rasu ya bar allon kwangila, wanda ke tsaye cikin ƙoshin lafiya da sunayen manya a jikinsa. Ya bar jarkoki da bokitai marayu masu yawa, da agwagin tela da suka rasa wurin wanka. Ya kuma bar surukar Gwaggo da tsohon ciki, tana tafiyar kududdufi safe da yamma, tana tace ruwan da ɗankwali kafin ta sha. Ita ce Gwaggo ba ta iya haɗa ido da ita. Ana gab da rufe kasafin kuɗin bana, kuma jami'i ya yarda zai sake leƙowa ranar Litinin. In ya sake ganin alamar rai, to da ruwan kududdufi za a yi wa jaririn da ke tafe wankan farko.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi. Gwaggo da kanta za ta buɗe sarƙar, bakanike zai kwance mariƙin, a kwantar da shi a ƙasa inda kowa zai gani. Ba a buƙatar tsintsiya, ba a buƙatar fenti, mai kaji kuma ya sako su. Za a karɓi gaisuwa a bakin kududdufi, tunda can iyalan suke wuni, kowa ya taho da bokitinsa. Gwaggo ta san ita ce za ta fi kowa kuka, don haka ta roƙi a riƙe ta nesa da dandamalin, kada jami'i ya zo ya tarar da damshi.