Rasuwar Maigurnani, Esin da Ya Cinye Tagarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda nake ta lallashi ta daina rawa, ni Tajuddeen Khalilu na Gwandu nake sanar da rasuwar esin ɗakinmu, wato injin sanyaya ɗaki, wanda aka fi sani da Maigurnani. Ya cika ranar Talata da azahar, yana tsaka da aiki.

Marigayin ya shigo gidan nan da girmansa. Da yake ɗakin taga ɗaya gare shi, a cikinta muka dasa shi, muka liƙe gefe da siminti don kada sanyi ya tsere wa maƙwabta. In akwai wuta, sai ya yi ta “gurrr, ƙat-ƙat, gurrr” kamar injin niƙa. In babu, wanda shi ne galibi, sai mu gasu ƙarƙashin kwano kamar masara. A kan haka uwargida Jidda ta naɗe tabarmarta ta koma gidansu a Kalgo, ta ce ba ta dawowa sai iska ta riga ta shiga ɗakin.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da masu tsara yadda za a gyara gine-ginen ƙasa don rage cin wuta suka zagayo unguwarmu. A gabansa, ba kara, suka ce maganin ɗakin shi ne silin, farin fenti a kan kwano, da taga. Tun daga ranar yake tari, yana zubar da hawaye a bango. Sambo mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce “tsss.”

Ya bar rimot ba batir, da janareton da ya yi masa bauta in an samu kuɗin mai, da bokitin tarar hawaye. Da muka ciro gawar, sai ga iska ta faɗo ta ramin, har hulata ta tashi. Na yi niyyar kuka, dariya ta ƙwace mini.

Za a ɗauki gawar a baro gobe da hantsi zuwa wurin ’yan gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin, amma kada kowa ya zauna bakin taga. Jidda ta iso daga Kalgo ɗazu, kuma a nan ta shimfiɗa tabarmarta.