Ranar da Na Kashe Surukina da Faransanci

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga ka, amma akwai wata Talata da ba na jin zan taɓa mantawa da ita. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, ina cikin shekarata ta biyu a Abijan, an kawo ni aure daga Madawa. Muna zaune a Ajame, cikin irin gidajen hayar nan masu ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida, waɗanda a can ake ce wa kur. Maigidana fataucin goro yake yi. In ya hau jirgin ƙasa ya yi arewa da kaya, sai ya share makonni, ya bar ni da mahaifinsa.

Baba (ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba) tsohon ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Tireshbil. Buhunan koko da kofi sun sa kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗayar sauka. Lokacin da na zo ina ta kukan gida, shi ne yakan shigo mini da soyayyen kifi a ƙunshe, ya ajiye a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, ci wannan, garin nan ba ya daɗi da yunwa." Ban san ubana ba, ya rasu ina goye. Sai na riƙi Baba a matsayin uba.

Bayan rasuwar Inna, matarsa, sai Baba ya fara sauyawa. Yakan tashi da safe ya yafa tsumman dakonsa a kafaɗa ya ce zai tafi aiki, alhali ya daɗe da barin aikin. Yakan tambaye ni ko Inna ta dawo daga kasuwa. Wata rana ya sulale ban sani ba, sai da rana ta take wani direba ɗan Jula ya kawo shi, ya ce a mahaɗar Indeniye ya tsince shi tsaye tsakiyar motoci yana tambayar hanyar teku.

Ba a daɗe da wannan ba, maƙwabciyarmu Iya Gambo, mai sayar wa direbobi tuwo a tasha, ta ja ni gefe a bakin famfo.

"Amarya, wata mata ta zo ɗazu a kan ƙaramin babur ɗin nan, mobilet, da farar riga da jaka, tana tambayar tsohonku. 'Yan sosiyal ne. Ta ce gobe da safe za ta dawo."

"Iya, su wane ne 'yan sosiyal?"

"Masu kwashe tsofaffin da kansu ya juye. Akwai wani gida can bayan gari, in aka shigar da mutum sai dai ki ji labari. Aske masa kai za su yi su ɗaure shi. Ni dai na gaya miki, ki san abin yi."

(Daga baya na gano Iya Gambo ba ta taɓa ganin gidan ba, ba ta kuma san wanda ya taɓa ganinsa ba. Amma tana da murya irin ta wadda ta kwana a ciki.)

Na san abin yi kuwa, a ganina. Da gari ya waye, mutanen kur suka watse, masu kasuwa suka tafi kasuwa, Iya Gambo ta ɗau tuwonta ta yi tasha. Na je na durƙusa gaban Baba na ce maigidan ya bar sallahu a duba masa huhunan goron da ke ƙaramin ɗakin baya, kada sankara ta shiga. Fuskar Baba ta washe, don ya daɗe ba wanda ya ba shi aiki. Na kai masa kujera da ƙwaryar fura, na ja ƙofa, na saka sakata ta waje.

Saura abin da zan faɗa wa matar. Faransancina a lokacin bai wuce na tambayar kuɗin tumatir ba, sai wata jimla guda da na haddace daga bakin matar telan kur ɗinmu, wadda take faɗa wa duk wanda ya zo karɓar ɗinkinsa alhali mijinta yana kwance a ɗaka: "Ile parti." Wato ya tafi. Na yi ta maimaita ta ina hura wuta, har na ji ta zauna mini a baki.

Da hantsi na ji ƙarar mobilet. Mata ce doguwa, mai sanyin fuska, ta ce sunanta Madam Akisi. Ta gaishe ni da Faransanci, ta sake gaishe ni da yaren Jula, sannan ta ambaci sunan Baba. Da na yi haƙuri na amsa da guntun Jular da na iya, wataƙila da an tsira. Amma ni so nake in nuna mata ba baƙauya ta samu ba.

Na ce, "Ile parti."

Don ta gane cewa tafiyar mai nisa ce, can arewa ƙasarmu, sai na ɗaga hannu. Ni dai arewa nake nufi. Hannun kuwa sama ya nuna. Ga idona ja wur saboda hayaƙin ɗanyen icce, ga tsoro ya sa hawaye na bin kumatuna, ga murya na rawa.

Madam Akisi ta dafe ƙirji. Ta tambaye ni yaushe, na ce da safen nan. Ta tambayi maigida, na nuna hanyar jirgin ƙasa. Sai ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Yako. Yako, ma fiy." Wato sannu, ɗiyata. Ban kawo komai a raina ba, don a Abijan ko tuntuɓe ka yi yako za a ce maka. Ta hau mobilet ɗinta da sauri ta tafi, ni kuwa na koma ciki ina jin kaina kamar lauya. Na leƙa Baba ta kafar ƙofa, na gan shi ya jingina da huhun goro ido rufe. Na ce bari in bar shi ya huta, tunda ba ya samun barcin kirki. Na ci gaba da wankina.

Ashe a Faransanci haka ake faɗin mutuwa in ana so a sassauta. Ashe kuma baiwar Allah nan ba ta iya barin yarinya ita kaɗai da gawa, miji ba ya gari. Daga gidanmu masallacin unguwa ta zarce ta gaya wa Liman. Daga nan ta haye gada ta tafi Tireshbil, inda tsofaffin abokan aikin Baba suke zama a gindin wani mangwaro kusa da tashar jiragen.

Ana idar da sallar azahar Iya Gambo ta faɗo kur, ba kwanon tuwo, ɗankwali a hannu, ta rungume ni tana kuka.

"Amarya, sai haƙuri. Ke ko aike ba ki yi mini ba, sai a tasha zan ji?"

"Iya, lafiya? Wa ya rasu?"

Ta dube ni kamar ni ce kaina ya juye. "Baba mana."

A nan ne hankalina ya bar jikina. Ban tuna da Madam ba, ban tuna da Faransancina ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne barcin nan da na gani ta kafar ƙofa: anya barci ne? Na rufe tsoho a ɗaki mai duhu tun safe. Na ƙwalla ƙara na zube ƙasa, wanda hakan ya tabbatar wa kowa da labarin. Kafin in miƙe, Liman ya shigo da jama'a, an jingina makara da bango, tela ya fito da farin yadi (ranar dai yana gida). Can sai ga babbar mota ta tsaya a ƙofar kur, tsofaffin 'yan dako suna saukowa ɗaya bayan ɗaya suna salati, Madam Akisi a bayansu ta yafa baƙin gyale.

Liman ya ce, "Ɗiyata, ina mamacin yake?"

Na nuna ɗakin goro. Na ga ya ɗan tsaya yana kallon sakatar da ke waje. Ya zare ta ya tura ƙofa.

Baba yana zaune a kan kujerarsa. Ya ware goro kashi biyu a gabansa, mai kyau da mai sankara, yana tauna guda. Ya ɗago ya ga Liman, ya miƙe ya fito tsakar gida yana kare ido daga rana. Wata mata ta saki buta.

Baba ya dubi makara, ya dubi jama'a, ya ce, "Inna lillahi. Wa muka rasa?"

Wanda ya amsa shi ne Malam Idi, babban amininsa na wurin aiki, wanda gemunsa ke jiƙe da hawaye. Ya ce, "Kai aka ce."

Baba ya ce, "To, ni dai ba a gaya mini ba."

Malam Idi ne ya fara dariya, yana yi yana kuka, sai sauran suka ɗauka. Liman ya juya baya yana gyara rawani, kafaɗunsa na motsi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige har da kwanon wankina. Sai da aka zaunar da ni a tsakiya, Malam Idi yana yi wa Madam tafinta, na faɗi komai da bakina, har da inda na samo jimlar. Matar tela ta sulale ɗaka.

Madam Akisi ba ta yi dariya ba. Ta ce a tambaye ni me nake tsoro. Da ta ji, sai ta ce ba wanda ya aiko ta ɗaukar kowa. Su Malam Idi ne suka je ofishinsu na jin daɗin jama'a a Tireshbil, bayan sun ji labarin Indeniye, suka roƙa a zo a duba abokinsu. Ta ce a gaya mini wanda aka ɓoye saboda ƙauna ba shi ne abin tausayi ba a aikinta, ta sha ganin waɗanda ba mai ɓoye su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Baba a ranar. Mutumin da yake manta ko ya ci abinci, sai ga shi yana kiran abokansa ɗaya ɗaya da sunan tsokana, yana tuna musu jirgin da ya kawo siminti a jiƙe. Madam ta zauna tana kallonsa. Tuwon Iya Gambo da ya yi kwantai shi aka ci a wurin.

Da maigidana ya dawo (ya ji labarin tun a tasha, iri uku), Madam ta raka mu wurin wani likitan ƙwaƙwalwa a Tireshbil. Likitan ya zauna da Baba ya saurare shi ba gaggawa. Ya ce wannan ba hauka ba ne, mantuwar tsufa ce baƙin ciki ya hau kanta. Ba za ta warke ba, amma ana iya sauƙaƙa ta. Ya ba da maganin barci kaɗan, ya ce kada a ƙara kulle shi, yana faɗa yana kallon silin don kada in ji kunya. Ya ce in ya ce zai tafi aiki, a raka shi. Madam ta kuma bi mana sawun fanshonsa da ya daina karɓa saboda mantuwa, ta kai maigidan kotu aka yi shi wakilin mahaifinsa a hukumance. Ta yi ta zuwa duba mu har ta koyi cin tuwon dawa, ni kuma ta gyara mini Faransanci gwargwadon yadda zai gyaru.

Daga nan kusan kullum sai ɗaya daga cikin su Malam Idi ya zo ya tafi da Baba gindin mangwaron nan, ya wuni yana kallon jirage, a dawo da shi da yamma a gajiye, ya ci abinci ya yi barci. Ya ƙara shekaru masu daɗi a haka. Har ya manta sunan ɗansa, amma bai daina ce mini ɗiyata ba.

Ranar da Allah ya karɓi abinsa da gaske, a gabana, kansa a kan matashin da na gyara masa, maigidan ya aika a gaya wa Liman. Liman ya tambayi ɗan aiken, "Wa ya faɗa?" Aka ce mai gidan ne da kansa. Ya ce to, a ɗauko makara.

Ban ji haushi ba, ni na jawo. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Madam Akisi da su Malam Idi da alheri. Abin da na koya shi ne, in baƙo ya zo ƙofarka, ka fara tambayarsa me ya kawo shi kafin ka ɓoye mutanen gidanka. In kuwa ƙarya ta zame maka dole, to ka yi ta da harshen da ka iya, kuma ka bar hannunka a ƙasa.