Rasuwar Lasifikar Layuka Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, in dai wannan abin da ya daskare mini a ƙirji baƙin ciki ne, ni Tamimu, direban tasi mazaunin unguwar Bronx a Amurka, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar lasifikata ta hannu, wadda jama'ar unguwa suka fi sani da Hajiya Mai Shela. An tabbatar da rasuwarta ranar Laraba bayan la'asar, tana da shekara tara a hannuna. Kafin nan ban san inda ta yi rayuwa ba, domin a gwanjo na same ta.

Marigayiya ta yi dukkan aikinta ne a tsohuwar mazaɓarmu ta majalisar jiha. Waɗanda suka zo kwanan nan ba su san ta ba. Mazaɓa ce ta mutanen bayan gari, masu gidaje da ciyawa a ƙofa, sai wutsiyarta ta ratso cikin Bronx ta kwashi layukanmu tara. Shekara da shekaru mutum ɗaya ke cin kujerar, bai kuma taɓa taka layinmu ba. Sai a 2006 Anti Yaa, wata nas 'yar Kumasi da ke zaune can bayan garin, ta fito takara. Ta zo ƙofar masallacinmu ranar Juma'a, ta yafa gyale, ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya. A makon na sayi marigayiya.

Ba ta da girman kai. In aka kunna ta sai ta fara da ƙiiii, har yara su toshe kunne, sannan ta ce, "Jama'a, jama'a, gobe Talata, gobe zaɓe!" Ta faɗe shi da Hausa, ta faɗe shi da Twi na mutanen Kumasi, ta kuma yi ƙoƙarinta da Faransanci saboda 'yan uwanmu na Nijar, ko da yake sun roƙe ta ta daina. Ruwan sama ya dake ta, 'yan sanda sun kashe mata baki sau biyu, ba ta yi fushi ba.

A zaɓen farko an kayar da mu da ƙuri'a dubu huɗu da wani abu. Na biyu, ɗari tara. A 2010, ɗari biyu da goma sha biyu. Duk wannan kiran da nake yi, ni kaina ban taɓa jefa ƙuri'a ba, girin kad, katin izinin zama, kawai gare ni. Nakan kai tsofaffi har ƙofar makarantar da ake zaɓe, in tsaya a tsallaken titi da marigayiya a kafaɗa, in jira su fito. Burina ɗaya ne, in shiga ƙofar nan in cike da'irar da ke gefen sunan Anti Yaa da hannuna. A watan Mayun 2012 na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa.

Ciwon ajalin marigayiya ya faro ne a wannan shekarar, kuma laifina ne, ba na kowa ba. Wasiƙu sun zo daga hukumar zaɓe, na cusa su ƙarƙashin talabijin tare da takardun talla. Matata Hamdatu ta ce in buɗe, na ce ni da nake koya wa mutane zaɓe, takarda ce za ta koya mini? 'Yata Mariya ta yi mini wani dogon bayani da Turanci a kan an sake zana layin iyakar mazaɓu. Na ce layi a takarda yake, mutum kuwa mutuminsa yake bi. Anti Yaa ta daina zuwa Juma'a, na ce wa jama'a ai na gida ba a roƙonsa, ta san mu nata ne, shi ya sa ta tafi neman bare. Na yi niyyar kiranta, sai kunya ta hana ni, kada ta ɗauka wani abu nake nema. Saƙonnin da ofishinta ya bari a wayata kuwa, sai bayan komai ya wuce na saurare su.

Ranar Litinin ɗin jajiberin zaɓe marigayiya ta yi aikin da ba ta taɓa yi ba. Layi tara, kowanne sau uku. Washegari mutum sittin da uku suka biyo ni, har da Hajiya Hussaina mai aikin kula da tsofaffi, wadda ta ajiye aikin yini guda ta zo da sandarta. Na ba Hamdatu riƙon lasifika, na shiga ƙofar nan a karo na farko. Aka ba ni takarda. Na duba sama, na duba ƙasa, na juya bayanta. Babu sunan. Wata ma'aikaciyar zaɓe ta nuna mini taswira a bango, cikin ladabi. An yanke wutsiyar tun watan Maris. An raba layukanmu tara gida uku, an liƙa wa maƙwabta, mazaɓar da muka sani kuma babu ita, ko lambarta an ba wa wasu. Da muka fito ba wanda ya zage ni, wallahi da an zage ni da ya fi. Hajiya Hussaina ta tambaye ni inda ake hawa bas, shi ke nan.

Na dawo gida na saka marigayiya bayan akwatuna, ban cire mata batir ba. Shekara uku tana can. Makon jiya da muke kwashe kaya na ɗauko ta, batiran sun fashe, wani farin gari ya cinye mata ciki. Na latsa, ta ce kwar, sau ɗaya. Na kai ta wurin Yakuba mai gyara a layi na 116 a Harlem, ya buɗe, ya rufe, ya miƙo mini ita da hannu biyu. Na tsaya ina jiran in ji wani abu a raina, ban ji ba, sai na tafi neman inda na ajiye mota.

Ta rasu ta bar igiyar rataya guda, da tebur mai naɗewa da muke yi wa mutane rajista a kansa, da riguna goma sha ɗaya masu hoton Anti Yaa, waɗanda Hamdatu ke goge ƙasa da su ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma bar ni.

Liman ya ce ba a yi wa roba da ƙarfe salla, na kuma yarda da shi. Shara ma an ce doka ta hana a jefa irinta. Saboda haka za a kai ta wurin karɓar matattun kayan lantarki ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, za a tashi daga ƙofar masallaci, motata tana ɗaukar mutum huɗu. Babu zaman makoki, babu sadakar uku. Masu zuwa gaisuwa, don Allah a daina tambayata wa na zaɓa a ranar. Na tsaya a wurin cike takardar ƙuri'a da biro a hannu har na bayana suka fara tari, sannan na zura takardar a cikin na'urar ƙirga ƙuri'a yadda aka ba ni ita, ban cike komai ba. Na'urar ta karɓa, ta ƙirga ni.