Harsashin Farfesa Delbert

A duk gundumarmu ta jihar Montana, a Amurka, babu masanin albarushi kamar Delbert Krogstad. Babu shakka a wannan magana, domin shi da kansa ya sha tabbatar mana. Harsashin kanti a wurinsa na ragwaye ne. Nasa yake ɗurawa a gareji, sanye da farar riga irin ta likitoci, gaban ɗan ma'aunin da ba ya yarda ko numfashi a yi kusa da shi. Muna kiransa Farfesa. Bai taɓa tambayar dalili ba, a ganinsa ma an makara.

Da ƙungiyarmu ta masu harbi ta tashi zaɓen mai kula da tsaro a filin harbi, Farfesa ya ce kujera ta zo gida. Abokiyar takararsa Marlys ce, tsohuwar direbar motar 'yan makaranta, wadda ba ta iya jawabi ba. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya ɗura harsashi biyar na ƙaramar bindiga da hannunsa, ranar Asabar ya harba su ta gaban na'urar auna gudun harsashi.

Ranar Juma'a Farfesa ya tara maƙwabta, yana ɗuri yana wa'azi.

"Jama'a, doka ta farko: mai zuba albarushi ba ya surutu. Ido a kan kwanso, baki a rufe. Orval, ajiye kofin nan ka saurara, yau ilimi kyauta ne."

Awa biyu ya kwashe yana bayanin amfanin shiru. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar Asabar Marlys ta harba nata biyar, gudunsu kusan ɗaya, ta koma ta zauna. Farfesa ya gyara tsayuwa, ya ja kunamar bindiga. Bindiga ta ce fut, kamar an buɗe kwalbar lemo. Na'ura ba ta ga komai ba. Ashe kwanson ko ƙwayar albarushi babu, harsashi ya maƙale a cikin bututun bindigar.

"Wannan salo mai laushi ne, sai masana," in ji shi, ya sake saiti.

Marlys ta yi wuf ta danne hannunsa.

"Tsaya, Del! Ka sake ja da wancan a ciki, a can jihar Idaho za mu tsinto yatsunka."

Ta karɓi bindigar, ta zunguro harsashin da ɗan sanda, ta miƙa masa abinsa.

Aka yi zaɓe da ɗaga hannu. Farfesa ya samu ƙuri'a ɗaya, tasa, da yatsu biyar ɗin da Marlys ta bar masa.